YADDA GIRKAWA SUKE KAFA AL'UMMA A BAƘUNTA: DARASI DAGA ISKANDARIYYA

Gabatarwa

Duk wanda ya san kasuwannin Kano da Ikko da Ankara a ƙarnin da ya wuce ya san kantunan Leventis da na Paterson Zochonis, ko da bai san cewa Girkawa ne a bayansu ba. Anastasios Leventis mutumin tsibirin Ƙubrus ne mai jin Girkanci, George Zochonis kuwa Bagirke ne wanda ya fara ciniki a Saliyo. Waɗannan 'yan rassa ne kawai na wata babbar bishiya, domin Girkawa suna cikin al'ummomin da suka fi kowa daɗewa da sanin barin gida. Ƙasarsu duwatsu ce da tsibirai, ƙasar noma kaɗan ce, teku kuwa yana bakin ƙofa. Har suna da kalma ta musamman, watau ksenitiya, wadda ta haɗa ma'anar zaman baƙunta da kewar gida da ke tare da shi.

Abin da wannan lacca za ta duba shi ne yadda waɗannan baƙi suke haɗa kansu su zama al'umma mai rai, mai taimakon 'ya'yanta, a ƙasar da ba tasu ba. An zaɓi birnin Iskandariyya na ƙasar Masar ya zama babban misali, saboda a can ne aikin ya kai maƙurarsa, a can ne kuma ya rushe cikin 'yan shekaru. Wanda ya fahimci dalilin ginuwar da dalilin rushewar ya fahimci yawancin abin da ake bukata a sani game da wannan batu.

Tushen Al'adar

Tsarin da Girkawa suke bi a baƙunta ya girmi ƙasar Girka ta yanzu. Bayan da Turkawan Usmaniyya suka ci birnin Kustantiniyya a 1453, Girkawa da yawa suka yi hijira zuwa birnin Benis na Italiya, wanda a lokacin babbar daula ce ta fatauci a teku. A 1498 hukumar Benis ta ba su izinin kafa ƙungiyar 'yan'uwantaka mai dokokinta da zaɓaɓɓun shugabanninta. A 1539 suka fara ginin cocinsu, suka gama a 1573, wani kaso na kuɗin ginin kuwa ya fito ne daga harajin da aka aza wa jiragen ruwan Girkawa masu shigowa tashar birnin. Daga baya wani lauya mai suna Thomas Flanginis ya bar wasiyyar dukiyarsa aka buɗe makaranta a 1665.

A nan za a ga siffar da aka yi ta maimaitawa a wurare da yawa. Ana fara neman amincewar hukumar ƙasa, sa'an nan a rubuta dokoki, a samo hanyar shigar kuɗi wadda ba ta dogara ga ganin damar mutum ɗaya ba, kana a gina wurin ibada da makaranta. Irin wannan ƙungiya ita Girkawa suke kira koinotita, watau jama'a ko al'umma mai tsari. Ta bambanta da taron hira na 'yan gari ɗaya, domin tana mallakar ƙasa da gine-gine, tana ɗaukar ma'aikata, tana kuma iya shiga kotu da sunanta.

Kafuwar Ƙungiyar Iskandariyya

Muhammadu Ali Basha, wanda ya mulki Masar daga 1805 zuwa 1848, haifaffen garin Kavala ne, wanda yau yake cikin ƙasar Girka. Ya san Girkawa tun yana saurayi, kuma da ya ƙudura niyyar raya noman auduga da cinikin teku sai ya buɗe musu ƙofa. Cikin waɗanda suka amsa kiran akwai Mikhail Tositsas, ɗan asalin wani gari na kan dutse mai suna Metsovo. Ya zama amini ga Basha, ya tara dukiya, ya kuma zama ƙaramin jakadan Girka na farko a Iskandariyya.

Kafin wannan lokaci 'yar makaranta da ɗan asibitin da Girkawan birnin suke da su suna cikin gidan ruhubanawa na Waliyyi Sabas ne, ƙarƙashin kulawar shugabannin coci. Da jama'a ta ƙaru sai wurin ya yi kaɗan, kuɗin tafiyar da shi kuma ba su da tabbas. A 1843 'yan kasuwar suka taru suka kafa Ƙungiyar Al'ummar Girkawa ta Iskandariyya, suka zaɓi Tositsas ya zama shugabanta na farko. Ya ba da filaye, ya gina makarantar da ake kira da sunansa. A 1847 aka aza harsashin babban cocin ƙungiyar, aka gama shi a 1856.

Ya kamata a lura da abin da suka sa a gaba. Bukatu biyu ne suka haifi ƙungiyar, watau wurin da yaro zai yi karatu da wurin da marar lafiya zai kwanta. Baƙon da ya sauka daga jirgi ba shi da dangi, in ciwo ya kama shi ba mai jinyarsa, in ya mutu ba mai binne shi. Ƙungiyar ta tsaya masa a matsayin dangi, shi ya sa ya ga dalilin ba ta kuɗinsa da lokacinsa. Bukukuwa da raye-rayen gargajiya da kulob na wasanni duk sun biyo baya ne, bayan an riga an ɗaure zumunci da igiyar bukata.

Inda Kuɗi Suke Fitowa

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya tsayar da audugar Amurka daga isa masaƙun Ingila, farashin audugar Masar ya yi tashin gwauron zabo. Girkawa suna kowane mataki na wannan ciniki. Akwai ƙaramin mai kanti a ƙauyen bakin Nilu wanda yake ba manomi bashi ya karɓi auduga da kaka, akwai mai injin gurza a garuruwa irin su Zagazig da Mansura, akwai kuma manyan gidajen fitar da kaya a Iskandariyya, irin gidan Choremi da Benakis da gidan Salvagos. Har wani irin auduga mai dogon zare da ya yi suna a kasuwannin duniya a farkon ƙarni na 20 ana kiransa Sakel, daga sunan Bagirken da ya fito da shi, Sakellaridis.

Daga wannan dukiya aka ciyar da ƙungiyar, ta hanyoyi dabam-dabam. Akwai kuɗin ƙa'ida da kowane ɗan ƙungiya yake biya duk shekara. Akwai abin da ake samu daga coci, na ɗaurin aure da baftisma da jana'iza da sayar da kyandir. Akwai kuɗin makaranta da na asibiti daga masu hali, waɗanda da su ake ɗauke wa marasa hali. Amma babban ginshiƙi shi ne kyauta da wasiyya, musamman ta gidaje da filaye waɗanda ake ba da haya, kuɗin hayar su riƙa shiga asusu shekara da shekaru. Wannan bai da bambanci sosai da abin da Musulmi suka sani da sunan waƙafi.

Girkawa suna da laƙabi na girmamawa ga mai irin wannan kyauta, watau evergetis, mai kyautata wa jama'a. Ana rubuta sunansa a goshin ginin, ana kafa mutum-mutuminsa a farfajiya, ana ambatonsa a addu'ar shekara. Ta haka al'ummar ta mai da gasar da ke tsakanin attajirai ta zama gasar gina wa jama'a abin amfani. Attajirin da ya tara bai gina kome ba, ba shi da kujera a gaban taro.

Wanda ya fi kowa suna a cikinsu shi ne George Averoff, shi ma ɗan Metsovo, wanda ya shugabanci ƙungiyar daga 1885 har rasuwarsa a 1899. Ya gina makarantar sakandare da ake kira Averofiyo da makarantar 'yan mata. Hannunsa ya kai har gida, domin shi ya biya kuɗin sake gina tsohon filin wasa na Atina da dutsen marmara saboda wasannin Olimfik na farko na wannan zamani a 1896, kuma da wani kaso na wasiyyarsa aka sayi jirgin ruwan yaƙin da aka sa wa sunansa. Bayansa Emmanuel Benakis ya riƙe shugabanci daga 1901 zuwa 1911, iyalinsa suka kafa gidan marayu na 'yan mata da gidan ciyar da matalauta. Iyalin Salvagos suka kafa makarantar koyon ciniki da sana'a. A 1938 aka buɗe babban asibitin Kotsikas, wanda yana cikin mafiya kyau a birnin a zamaninsa.

Yawancin makarantun an tattara su a unguwar Shatbi, kusa da maƙabartar Girkawa. Saboda haka ana iya haihuwar Bagirke a asibitin ƙungiya, ya yi karatu a makarantarta, in maraya ne ta raine shi, in ya tsufa ba shi da kowa ta ajiye shi a gidan gajiyayyu, in ya mutu ta binne shi a ƙasarta. Abin da gwamnati take yi wa 'yan ƙasa, shi ƙungiyar ta ɗauka ta yi wa baƙi.

Ƙananan Igiyoyi

Babbar ƙungiya ita kaɗai ba ta isa ta riƙe dubban mutane ba. A ƙarƙashinta akwai ƙananan ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya ko tsibiri ɗaya, waɗanda ake kira adelfotita, watau 'yan'uwantaka. Mutanen Ƙubrus suna da tasu, haka mutanen tsibirin Limnos, haka mutanen tsibirin Kasos, waɗanda suka kwararo Masar da yawa tun lokacin da aka fara haƙa mashigin Suwes a 1859. Waɗannan su ne suke tarbar sabon zuwa. Ɗan garinsu ne zai ba shi wurin kwana, ya kai shi wurin mai kanti ya tsaya masa, in ya nuna amana bayan 'yan shekaru a ba shi jari ya buɗe nasa kantin a wani ƙauye, shi kuma ya aika gida a turo masa ƙane ko ɗan 'yar'uwa. Wanda ya san aikin fatoma a zangunan Hausawa na Kumasi ko Ankara ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Bayan wannan akwai gidan gahawa, inda ake jin labarin aiki da farashin kaya da wanda ya iso da wanda ya rasu. Akwai jaridu, waɗanda babbarsu, Tachydromos, ta fara fitowa a 1880 ta yi fiye da shekara 100 tana fitowa. Akwai majalisar 'yan kasuwa da aka kafa a 1901, da ƙungiyoyin mata masu tara sadaka da ɗinka wa marayu tufafi, da 'yan sikawut, da kulob na tuƙin kwalekwale. A cikin wannan yanayi ne mawaƙi Constantine Cavafy, wanda aka haifa a birnin a 1863 ya rasu a cikinsa a 1933, ya yi shekara 30 yana aikin akawu a ofishin ban-ruwa na gwamnatin Masar, yana rubuta waƙoƙin da yau ake lissafa su cikin mafiya daraja a adabin Girkanci.

Ba Iskandariyya kaɗai ba, an kafa irin wannan ƙungiya a Alƙahira da Fot Sa'id da Isma'iliyya da Suwes da Tanta da sauran garuruwa, har zuwa Khartum ta Sudan. Ƙidayar Masar ta 1927 ta nuna masu riƙe da takardar zama 'yan ƙasar Girka sun haura 76,000, ban da masu jin Girkanci da suke riƙe da takardun wasu ƙasashe. Su ne baƙin Turai mafiya yawa a Masar.

Tsagar da Ke Jikin Bango

Duk da wannan kyakkyawan gini, akwai rauni iri uku a jikinsa, kuma kowanne yana da darasi.

Na farko, mulkin ƙungiyar ya tsaya a hannun 'yan gidaje kaɗan. Ikon zaɓe yana ga masu biyan kuɗin ƙa'ida ne, su kuwa 'yan tsiraru ne in aka gwada da yawan jama'a. Mikes Salvagos shi kaɗai ya riƙe shugabanci daga 1919 zuwa 1948. Alhali yawancin Girkawan Masar ba attajirai ba ne, akawuna ne da masu gidan burodi da makanikai da masu hidima a otal da leburorin masana'antar taba. Yajin aikin masu naɗa sigari da aka yi a Alƙahira daga ƙarshen 1899 zuwa farkon 1900, wanda ake lissafawa cikin yajin aiki na farko-farko a tarihin Masar, yawancin masu yinsa Girkawa ne, yawancin masu masana'antun da aka yi wa shi ma Girkawa ne. Talaka yana samun magani da karatu daga ƙungiya, amma ba a tambayarsa ra'ayi kan inda aka dosa.

Na biyu, an ɗauko rigimar gida an kawo ta baƙunta. Lokacin yaƙin duniya na farko ƙasar Girka ta rabu biyu tsakanin magoya bayan Firayim Minista Eleftherios Venizelos da magoya bayan Sarki Constantine. Wannan rabuwa ta ƙetare teku ta shiga kulob da jaridu da gidajen gahawa na Masar, ta raba maƙwabta da surukai. Bayan yaƙin duniya na biyu aka sake yin irinta tsakanin 'yan ra'ayin gurguzu da masu adawa da su. Ƙarfin da ya kamata a sa wajen tunanin makomar al'umma a Masar ya tafi wajen jayayya kan wanda zai yi mulki a Atina.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne matsayin da Girkawa suka zauna a kai. Tun zamanin Usmaniyya akwai yarjejeniyoyin gata da suka keɓe baƙin Turai daga yawancin haraji da kotunan ƙasa. Daga 1876 shari'ar kuɗi tsakanin baƙo da ɗan ƙasa ana yin ta ne a kotunan haɗin gwiwa, inda alƙalan Turai suka fi yawa. Riƙe takardar Girka ya fi riba a kan karɓar ta Masar, saboda haka 'yan kaɗan ne suka nemi zama 'yan ƙasa, ko da an haifi kakanninsu a bakin Nilu. Makarantun ƙungiya suna bin manhajar ma'aikatar ilmi ta Atina, ana ba Faransanci da Ingilishi muhimmanci saboda ciniki, Larabci kuwa an bar shi a baya. Mai kanti a ƙauye yana jin Larabcin kasuwa sarai, amma ɗan da ya gama sakandare sau da yawa ba ya iya rubuta takardar ofis da harshen ƙasar da aka haife shi. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Watsewa

A taron Montreux na 1937 aka soke yarjejeniyoyin gata, aka yanke cewa kotunan haɗin gwiwa za su rufe a 1949. A 1947 aka yi dokar kamfanoni wadda ta wajabta kashi 75 cikin 100 na ma'aikatan ofis da kashi 90 cikin 100 na leburori su zama Misirawa. Wannan doka ta fi taɓa ƙaramin akawu a kan attajiri, domin shi ne aikinsa ya koma hannun ɗan ƙasa, shi ne kuma ba shi da Larabcin da zai yi takara da shi. Shugabannin ƙungiyoyin sun ga alamar hadari, aka yi ta shawarwari kan ƙara darasin Larabci da koyar da sana'ar hannu, amma an makara, kuma ba a taɓa samun baki ɗaya ba tsakanin masu cewa a zauna a saje da masu cewa a shirya kaya.

A 1952 sojoji suka hamɓarar da sarauta. A 1956 Jamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin Suwes mallakar Masar. Da kamfanin Turawa ya janye matuƙan da suke yi wa jiragen ruwa jagora a mashigin, da nufin aikin ya tsaya, matuƙa Girkawa suka ƙi tafiya, suka tsaya tare da Misirawa har jirage suka ci gaba da wucewa. Misirawa ba su manta da wannan ba, kuma ba a kori Girkawa kamar yadda aka kori 'yan Ingila da Faransa a wannan shekara ba. Sai dai dokokin 1957 da suka mayar da bankuna da kamfanonin inshora hannun 'yan ƙasa, da dokokin 1961 da suka mayar da manyan masana'antu da cinikin auduga hannun gwamnati, sun sare bishiyar da al'ummar take zaune a inuwarta. Da attajiri ya rasa masana'anta, akawunsa ya rasa aiki, makaranta ta rasa mai kyauta da ɗalibi gaba ɗaya. Cikin 'yan shekaru dubban iyalai suka shiga jirgi, waɗansu zuwa Girka, wadda da yawansu ba su taɓa zama a cikinta ba, waɗansu zuwa Ostireliya da Kanada da Afirka ta Kudu.

Ƙungiyar Iskandariyya tana nan har yau, amma jama'arta an koma ƙirga su da ɗaruruwa. Asibitin Kotsikas ya koma hannun gwamnati, ana kiransa da sunan Jamal Abdul Nasir. Tsohuwar makarantar Tositsas ta zama mazaunin babban shugaban cocin Otodoks na Iskandariyya da Afirka. Gidan da Cavafy ya zauna ya zama gidan kayan tarihi a 1992. Abin lura shi ne, abin da ya rage yana tafiya ne da kuɗin hayar gidajen da mutanen ƙarni na 19 suka bari. Waƙafin ya rayu bayan jama'ar da aka yi shi dominta sun watse.

Wata Hanyar Dabam

Domin a ga cewa wannan ƙarshe ba tilas ba ne ga kowace al'ummar baƙi, ya kamata a duba ƙasashe biyu inda Girkawa suka je a matsayin leburori marasa gata, watau Amurka da Ostireliya.

A Amurka Girkawan farkon ƙarni na 20 sun sha wulaƙanci, musamman daga ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin baƙi da baƙar fata. A 1922 waɗansu 'yan kasuwa a birnin Atlanta suka kafa ƙungiyar AHEPA, wadda ta sa Ingilishi ya zama harshen taronta, ta kuma dage wa 'ya'yanta su nemi takardar zama 'yan ƙasa su yi zaɓe. Waɗanda suka ga wannan sakaci ne da harshen iyaye suka kafa kishiyarta, GAPA, a 1923. AHEPA ce ta fi yaɗuwa da daɗewa. A 1931 aka haɗa ƙungiyoyin mata na coci-coci suka zama Philoptochos, watau masu ƙaunar matalauta, wadda har yau take aikin agaji. A 1965 babban limamin Girkawan Amurka, Iakovos, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Martin Luther King a garin Selma wajen neman 'yancin baƙar fata. Wannan aikin wanda ya ɗauki ƙasa tasa ne, har yana ganin rigimarta ta shafe shi.

A Ostireliya an kafa Ƙungiyar Girkawa ta Melbon tun 1897, amma ta bunƙasa ne bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1952, lokacin da dubban manoma suka baro ƙauyukan da yaƙi ya ɗaiɗaita suka shiga masana'antu. Ba su da Averoff ko Benakis. Da ƙananan gudummawa da raye-rayen tara kuɗi suka sayi filaye suka gina coci da makarantun yamma, inda yaro yake koyon Girkanci bayan ya taso daga makarantar gwamnati. Jaridar Neos Kosmos ta fara fitowa a 1957. A 1972 aka kafa ƙungiyar jin daɗin jama'a mai taimakon ma'aikacin da ya ji rauni ko matar da ba ta jin Ingilishi wajen neman haƙƙinsu a ofisoshin gwamnati. A 1977, da aka ga 'yan zuwan farko sun fara tsufa, aka kafa ƙungiyar kula da tsofaffi wadda yau ake kira Fronditha, domin an lura tsoho yakan manta harshen da ya koya da girma ya koma na uwa. Ana kuma rufe titin Lonsdale kowace shekara a yi bikin da ake gayyatar duk mutanen birni.

Wannan hanya ma tana da nata tsada. Ƙidayar Ostireliya ta 2021 ta nuna mutum kusan 425,000 sun ce asalinsu Girkawa ne, amma masu magana da Girkanci a gida ba su kai 230,000 ba, kuma adadin yana raguwa. Girkawan Masar sun riƙe harshe sun rasa wurin zama. Na Ostireliya da Amurka sun sami wurin zama, yanzu suna fafutukar kada harshe ya kuɓuce wa jikoki.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idodi kaɗan. Al'ummar baƙi tana kafuwa ne a kan bukata ta gaske, irin ta ciwo da karatu da mutuwa, kuma ƙungiyar da ta fara da biki kawai ba ta cika wuce waɗanda suka kafa ta ba. Tana bukatar rubutattun dokoki da rajista a wurin hukuma da dukiya mai kawo haya, domin mai kyauta yana mutuwa, gida kuwa yana nan. Tana bukatar ƙananan ƙungiyoyi masu tarbar sabon zuwa tun daga tasha. Tana bukatar talakanta su sami murya a wurin shawara, a kuma bar siyasar gida a bakin ƙofa. Dole ta riƙa sauya aikinta yadda shekarun jama'arta suke sauyawa, daga makaranta zuwa ofishin neman haƙƙi, daga nan zuwa gidan tsofaffi.

A bisa duk waɗannan akwai dangantaka da masu masauki. Iskandariyya ta cika kusan kowane sharaɗi na farko fiye da kowace al'ummar Girkawa a duniya, amma ta jingina da gatan da mulkin mallaka ya tsare, ta kuma yi jinkirin koya wa 'ya'yanta harshen ƙasa. Ranar da gatan ya faɗi, asibiti da makaranta da gidan marayu ba su iya riƙe kowa ba.

Tambayar ba ta tsufa ba. Bayan matsalar bashi da ta auka wa Girka daga 2010, dubban ɗaruruwan matasa, da yawansu likitoci da injiniyoyi, sun fita zuwa Jamus da Ingila da Holan da sauran wurare. Suna da wayar hannu da jirgin sama mai araha, suna iya ganin iyayensu kullum, tun 2023 ma suna iya jefa ƙuri'ar zaɓen Girka daga inda suke. Saboda haka ba su jin matsin da ya sa mutanen 1843 suka taru. Amma 'ya'yansu za su kai shekarun shiga makaranta, su kansu kuma za su tsufa a can, sa'an nan za a ga ko sun bar wa na bayansu wani abu mai rajista da asusu da ƙofa a buɗe, kamar yadda Tositsas da abokansa suka bari a Iskandariyya.